Kofi Mai Jan Zare a Fadar Gure

Tun da na dawo daga Gure ban huta ba. Duk wanda ya zo rumfata da allon shago ko ƙofar mota, kafin ya faɗi launin da yake so sai ya ce, "Habu, wai da gaske ne fentinka ya kusa tayar da gari?" A teburin mai shayi kuwa kowa ya fi ni sanin labarin, har akwai mai cewa jandarmomi ne suka rako ni bakin iyaka. To ga shi na zauna na rubuta, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta. Ban tayar da gari ba. Aikin da na yi a can shi ne mafi kyau da hannuna ya taɓa yi, amma sai da na sha gumi kafin ya zama haka.

Ga wanda bai san ni ba, fenti ne sana'ata a nan Gumel. Ni ke zana zaki a bayan manyan motoci, ni ke zana kawunan da kuke gani a allon masu aski. Ina kuma da wani hali, ba na ƙirƙirar fuska. Wanda duk ya burge idona a hanya, gobe sai ya tsinci hancinsa a ƙofar wani shago. Mutanen garinmu sun saba, wasu har fushi suke yi idan na tsallake su.

Wanda ya ja ni tafiyar taubashina ne, Lawali ɗan Gwaggo Hajara, mai shagon tireda a Gure. Ya bugo waya ya ce su da wasu samari da wata ma'aikaciyar gidan likita sun haɗa kai za su yi taron faɗakarwa kan sida, wato ƙanjamau a bakinmu. Ba maganar kamuwa ce ta fi damunsu ba, maganar yadda ake gudun masu ita ne. Mawaƙiya sun samu, saura mai zane.

"Duk Damagaram ba ku da mai buroshi sai kun tsallako Najeriya?" na ce.

"Akwai su, amma tsada gare su. Kai kuwa tuwo ya ishe ka."

"Bawa ba ya gaya wa ubangidansa haka. Share min ɗaki, ga ni nan."

Na ɗaure gwangwanayen fentina a kwali na hau motar Maigatari. A bakin iyaka wani jami'in duwan, wato kwastan, mutum mai fara'a, ya sa na buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi sana'ata, na zana masa fuskarsa a wani guntun kwali yana tsaye, ya yi dariya har da dafa mota, ya ce na ƙara masa kumatu. Matsalar ita ce da na zo rufewa, murfin shuɗin bai zauna ba, ni kuma ban lura ba. Aka ɗora kwalin a saman mota kusa da wani farin rago da aka ɗaure. Kafin mu kai Dungas ragon nan ya zama rabi fari rabi shuɗi. Mai shi, wani dattijo ɗan tsamurmuri, ya zagaya shi yana kallo, ni kuma ina ta haɗa kalmomin ban haƙuri. Can ya ce, "Bar shi, yaro. Yanzu ko cikin garken duniya ya shiga, na gane abuna." Muka rabu lafiya a Magariya, har da ba ni goro.

A Damagaram na fara jin na bar gida. Hausar ɗaya ce, amma idan ka ce acaɓa sai a ce kabu-kabu, makaranta lakwal, asibiti gidan likita. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ga tauri, na ci rabi na tokare ƙofar taga da sauran a cikin mota. Daga nan hanya ta miƙe gabas, Mirya, Gidimuni, Gidigir. A Gidigir wata mata ta sayar min da cuku, na ɗauka waina ce busasshiya na gatsa da ƙarfi, haƙorina ya amsa. Maƙwabcina a kujera ya tausaya min, ya ce da shayi ake cinsa. Nan na fara gane cewa a ƙasar nan kome da shayi ake yinsa.

Gure gari ne da rairayi ya zagaye. Yana shiga takalmi, yana shiga aljihu, na same shi har cikin kunnena. Lawali ya sauke ni a ɗakin zaurensa, matarsa ta aiko da burabusko da miyar kuɓewa busasshiya da man shanu, na ci har na kasa yi masa ba'a. Rabin gaisuwar gari da Barbarci ake yi. Ni da ake cewa mu mutanen Gumel asalinmu Mangawa ne, dangin Barebari, ban iya kome ba sai "wushe", ita na riƙa rabawa babba da yaro.

Bangon da aka ba ni na gefen shagon Lawali ne, yana kallon wata bishiyar dogon yaro inda fadarsu ke zama. Fada ita ce majalisa a wajenmu, sai dai tasu ba ta zama babu buta a kan gawayi. Mu a gida mai shayi ke haɗa maka a babban kofi da madara, ka sha ka tashi. Su kuwa 'yan ƙananan kofuna ne na gilashi, ba su kai yawan mutane ba. A zuba, ka kurɓe, ka mayar, a ɗauraye a cikin kwano, a zuba wa na kusa da kai. Sau uku ake dafawa, na farko ɗaci kamar maɗaci, na ƙarshe zaƙi. Wanda ya tashi kafin na uku ya yi rashin ladabi.

A zaman farko idona ya faɗa kan wani mutum a ƙarshen tabarma. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, da dogayen tsage a kumatu da ɗan gemu mai furfura kaɗan. Malam Kiyari sunansa, mai lambu a wani kwari bayan gari. Ba ya yawan magana. Na kuma lura kofinsa daban ne, an ɗaura masa jan zare a gindi, ba ya shiga kwanon ɗauraya, kuma idan za a zuba masa ajiyewa yake yi a ƙasa a tsiyaya daga sama. Ni kuwa da kaina na yanke hukunci. A teburin mai shayinmu na Gumel, wanda ake ware wa kofi babban mutum ne, irin su sarkin tasha. Sai na ce a raina wannan shi ne uban fada. Da za mu watse har na rusuna na ce masa, "Ranka ya daɗe." Ya dube ni wani iri, bai amsa ba. Na ce manya ke nan, ba su cika son surutu ba.

Lawali ya gaya min abin da suke so: mutane zaune suna shan shayi tare, a ƙasa a rubuta cewa sida ba ta bin kofin shayi. Ya ce kada in damu da fuskoki, in yi mutane kawai. Daga nan ya tafi Damagaram sarin kaya. Na kafa tampol a gaban bangon saboda rana da masu leƙe, na shiga aiki. Sauran mutanen na bar fuskokinsu a shafe, sai daga baya. Amma na tsakiya, mai riƙe da buta a sama yana tsiyaya, ai uban fada ya kamata. Na zana Malam Kiyari tsaf, da tsagensa da gemunsa, har da kofinsa mai jan zare a hannun hagu. Ba yabon kai ba, ko uwar da ta haife shi ta gani sai ta yi masa magana.

Ranar da Lawali zai dawo, da hantsi, wani amalanken jaki ya zo wucewa ya ja igiyar tampol ɗin, ya zube ƙasa. Ina can ina karyawa. Kafin in iso, mutane sun cika wurin, ba mai magana da ƙarfi, sai nuni da baki. Ina jiran yabo, sai ga Lawali ya sauko daga kabu-kabu. Ya dubi bangon, ya dube ni, ya ja ni cikin shago.

"Habu, ka kashe ni. Wa ya ce ka zana shi?"

"Uban fadarku ne fa."

"Wane uban fada? Shi ne mai ciwon!"

Nan ya warware min. Matar Kiyari ta rasu shekarun baya, aka gwada shi aka samu yana ɗauke da cutar. Yana shan maganinsa, lafiyarsa ƙalau, buhun albasa shi kaɗai yake ɗagawa. Da bakinsa ya gaya wa amininsa Bukar mahauci, maganar ta fita. Kafin nan shi ne mai dafa shayin fadar tun suna samari, ba wanda ya kai shi iya kumfa. Ba wanda ya kore shi. Butar kawai aka karɓe daga hannunsa, Bukar ya ɗaura zare a kofi ɗaya. Kuma Kiyari ya riga ya ce da ya cire albasarsa zai bar lambun ya koma Bune wajen dangin uwarsa, inda ba a san shi ba. Saboda shi ma aka shirya taron, amma an yi niyyar a yi ba tare da an nuna kowa ba. Ga shi ni na ɗora fuskarsa a bango, da sunan cutar a ƙarƙashinta da manyan baƙaƙe.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kunya ta rufe ni. Lawali ya ɗauko bokitin farar ƙasa ya ce a shafe yanzu. Na riƙe hannunsa. Na ce gari ya riga ya gani, idan muka shafe mun ce masa abin kunya ne ke nan. Fuskarsa ce, shi zai faɗi yadda za a yi da ita. Na mayar da tampol, na ce a nuna min hanyar lambu.

Kwarin nan abin mamaki ne. Kana tafiya cikin rairayi tsirara, sai ka gangara ka tarar da dabino da rogo da albasa kore shar. Na same shi yana ban ruwa. Labari ya riga ni, don ko sallamata da ƙyar ya amsa. Na faɗi abin da ya kawo ni ba kwana-kwana, na gaya masa yadda ake ware kofi a garinmu, na ce in ya ce a shafe, kafin azahar babu shi.

Ya juye gugan da ke hannunsa a kan albasa. Sannan ya ce, "Shi ya sa ka ce min ranka ya daɗe? Na ɗauka kai ma ba'a kake yi."

"Wallahi girmamawa ce, Malam."

"An ce ka ba ni buta a hannu."

"Na ba ka."

"Don me?"

"Na dubi duk fadar, kai ka fi kama da mai ita."

Ya ajiye gugan. Ya ce in jira ya wanke ƙafa. Muka taho tare, ya shiga bayan tampol shi kaɗai, ya jima. Da ya fito idonsa ya kaɗa.

"Ba wanda bai sani ba a garin nan," ya ce. "Abin da ba su yi ba shi ne su faɗa a gabana. Bar fuskar. Zaren nan za ka goge."

Buroshi ɗaya na ja, zaren ya tafi.

Da yamma Lawali ya kai mu wajen mawaƙiyar, Ya Falmata, tsohuwar zabiya da ba a bikin kirki a Gure babu ita. Ƙaramar mace ce, amma idan ta buɗe murya sai ka nemi inda sauran jikin yake. Ta saurari labarin tana tauna goro. Ta tambayi Kiyari ko ya yarda a ambaci sunansa, ya ce ya yarda. Sai ta juyo kaina.

"Kai ɗan Najeriya, sauran mutanen bangon don me ba su da fuska?"

"Ban kai kansu ba, Ya Falmata."

"To kar ka kai. Ka zo da buroshinka gobe, ni zan kawo maka su."

Aka yi taron washegari bayan la'asar, ranar kasuwa. Aka shimfiɗa tabarmi, mata a gefe guda da ƙwaryar kiɗa, mai ganga da mai algaita a tsakiya. Madam Hadiza ta gidan likita ta fara magana, gajeriya. Ta ce cutar ba ta bin kofi, ba ta bin kwano, ba ta bin musabaha, kuma mai shan maganinsa yana rayuwarsa kamar kowa. Mutane suka gyaɗa kai irin na waɗanda suka sha ji a rediyo. Aka yaye tampol. Sai ga Kiyari zaune a gindin hotonsa, da gawayi da buta a gabansa, yana dafawa. Wasu dattawa biyu suka tashi suka kaɗe riga suka tafi, ba wanda ya tsayar da su.

Da shayi ya yi, ya ɗaga buta sama ya tsiyaya, kumfa ta tashi kamar an auna. Ya cika kofuna a faranti, har da mai jan zaren. Ni na fara miƙa hannu na sha, Lawali ya bi, Madam ta bi. Sai na ji wani daga baya ya ce, "Wannan baƙo ne, gobe ya tafi. Waccan kuma aikinta ne." Gaskiya ya faɗa. Shan da na yi bai sayi kome ba, idon kowa yana kan 'yan fada, su kuma suna kallon ƙasa.

A nan na ga aikin zabiya. A wajensu, kamar wajenmu, idan mawaƙiya ta kira sunanka ta haɗa da na iyayenka a bainar jama'a, ba ka da damar zama, sai ka tashi ka yi kyauta. Ya Falmata ta fara da Hausa tana juyawa da Barbarci, ta kama 'yan fada ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya taso da hannu a aljihu, ta kauce. Ta rera cewa yau ba ta karɓar kome, kyautarta tana cikin faranti. Mata suka ɗauki amshi suna tafi. Mutumin ya tsaya kamar an dasa shi, ya waiga, ya ga ƙannensa mata suna kallonsa, ya ɗauki kofi ya kurɓe. Aka yi guɗa. Ta nuna masa kujerar da na ajiye a gaban bango, ya zauna, na zana fuskarsa a kafaɗar da ke jiranta. Ban taɓa aiki da sauri irin na ranar ba, kuma ban ɓata hanci ko ɗaya ba. Bayan mutum uku, sai ga shi ana rige-rigen kujera, wani ma yana roƙona in rage masa sanƙo.

Kowa yana ɗaukar kofi, amma ba wanda ya taɓa mai zaren. Yana nan a gefen faranti, shayinsa ya huce. Bukar mahauci kuma yana can jingine da bishiya, ya harɗe hannu, ƙaton mutum mai jan ido. Ya Falmata ta bar shi sai ƙarshe. Ta taka har gabansa, ta sa aka sassauta ganga.

"Bukar na Aisa, mai kayar da sa shi kaɗai,
wa ya riƙe maka ƙafar sa kuna yara?
Bukar na Aisa, wuƙa ba ta ba ka tsoro ba,
yau ɗan kofi ya hana ka inuwa?"

Na ce a raina mutumin nan ko dai ya tafi ko ya yi faɗa. Ya taho a hankali ya tsuguna gaban faranti. Kiyari ya miƙa masa wani kofin, ya ƙi karɓa. Ya ɗauki mai zaren, ya zubar da wanda ya huce, ya zaro 'yar wuƙarsa ya tsinke zaren, ya miƙa.

"Zuba."

Kiyari ya zuba. Bukar ya tura masa. "Kai fara." Kiyari ya kurɓi rabi, Bukar ya karɓa ya shanye sauran, ya ɓata fuska.

"Har yanzu kana ƙwauron sukari, Kiyari."

"Na farko ne, Bukar. Ka manta da shayi tun da ka koma shan ruwan zafi."

Dariya ta ɓarke, algaita ta ɗauka. Ni dai na juya ga bango kamar ina gyara wani abu, don idona ya cika kuma ba na son Lawali ya samu abin yi min ba'a har ƙarshen rayuwa. Da na waigo, Bukar ya jefa kofin cikin kwanon ɗauraya tare da sauran. Na dube su da idon da nake taƙama da shi, na kasa gane wanne ne.

Ba zan ce muku duk Gure ta canza ba. Dattawan nan biyu ba su dawo ba, kuma na ji wata mata tana cewa ita dai ba za ta sayi albasarsa ba. Amma har na uku aka sha ranar, kuma hannu ɗaya ya dafa. Da zan taho Kiyari ya kawo min dabino cikin ɗan buhu har tasha. Ban tambaye shi maganar Bune ba, shi ma bai tayar ba. Hanyar dawowa ba abin da ya faru, sai dai jami'in nan na iyaka ya gane ni, ya nuna min kwalin da na zana shi, ya kafe shi a jikin rumfarsu.

Bayan 'yan makonni Lawali ya bugo. Bayan ya gama zagina a kan fentin da na ɗiga masa a ƙofar shago, ya ce Kiyari ya cire albasarsa, ya kuma zuba sabon iri a kwarin. Mai shirin tashi ba ya zuba iri.

Shekaranjiya na je teburin Ɗanlami mai shayi. Don ya ji na ƙetare iyaka na yi suna, sai ya ɗauko wani sabon kofi mai hannu ya ce daga yau nawa ne ni kaɗai, kamar na sarkin tasha. Jama'a suka ce na samu girma. Na gode masa, na ce ya mayar da shi cikin kwali, ya zuba min a wanda kowa ke sha.